ROBAR HANCI: HANYAR ABINCI DA MAGANI GA MARAR LAFIYA

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a babban asibiti ya ga marasa lafiya kwance da wata siririyar roba ta fito daga hancinsu, an manne ta a kumatu da filasta. Ana ganinta a ɗakin jarirai, da ɗakin yara, da ɗakunan manya maza da mata, da kuma jikin waɗanda aka fito da su daga tiyata. Likitoci suna kiranta bututun hanci zuwa ciki. Jama'a kuwa suna ce mata robar hanci, ko robar abinci.

Mutane da yawa suna tsoron wannan roba ƙwarai. In an ce "an sa wa wane roba," akan faɗi maganar da murya ƙasa-ƙasa, kamar ana shirin sanar da rasuwa. Saboda wannan tsoro wasu iyaye sukan ƙi yarda a sa wa 'ya'yansu. Wasu sukan jira dare ya raba su zare ta. Wasu kuma sukan sa hannu a takarda su ɗauke majiyyacinsu su koma gida. Ta haka ake rasa rayukan da da an yi haƙuri na 'yan kwanaki, da an cece su da yardar Allah.

Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa mai karatu mece ce wannan roba, da dalilin da ya sa likita yake umurni a sa ta, da yadda ake sa ta, da illolin da ke iya biyo baya, da kuma abin da ya wajaba a kan mai jinya.

1. Mece ce robar hanci?

Bututu ne mai laushi, mai rami a tsakiya, wanda ake zurawa ta ƙofar hanci, ya bi bayan maƙogwaro, ya gangara ta hanyar abinci har ya isa tumbi. Bakinsa na ciki yana da 'yan ƙofofi, na waje kuwa yana da murfi da wurin da ake haɗa sirinji. A jikinsa akwai lambobi da ke nuna tsawon da ya shiga.

Kaurin robar iri-iri ne, kuma da lamba ake gane shi. Kowace lamba 3 daidai take da milimita 1. Saboda haka lamba 6, wadda ake sa wa jarirai, kaurinta milimita 2 ne, watau kamar tsinken ashana. Lamba 16, wadda ake sa wa babban mutum domin zuƙo abin da ke cikinsa, ta ɗara milimita 5 kaɗan, ba ta kai kaurin fensir ba.

Ya kamata a bambanta ta da robar iska. Robar iska gajeruwa ce, a bakin hanci take tsayawa, aikinta hura wa majiyyaci iskar oksijin. Robar abinci kuwa har tumbi take kaiwa. Mutum ɗaya yana iya kasancewa da su biyun a lokaci guda. Haka kuma ba ta hana numfashi, ba ta hana magana, domin ba hanyar iska take bi ba.

2. Hanyoyi biyu a maƙogwaro

Domin a gane amfanin robar, sai an san yadda aka halicci maƙogwaron ɗan Adam. A can bayan harshe hanya ta rabu biyu. Ta gaba ita ce hanyar iska, wadda ke kaiwa huhu. Ta baya ita ce hanyar abinci, wadda tsawonta a jikin babban mutum ya kai kimanin santimita 25, tana kaiwa tumbi. Duk lokacin da mutum ya haɗiyi abu, wani ɗan murfi yakan rufe hanyar iska domin lomar ta wuce ta bayanta. Wannan yana faruwa ba tare da mun sani ba, sau ɗaruruwa a kowace rana.

In aka yi kuskure ɗigon ruwa ya bi hanyar iska, sai mu ce mutum ya ƙware. Mai lafiya yakan yi tari nan take ya fitar da shi. Amma wanda ya suma, ko wanda jijiyoyin maƙogwaronsa suka mutu, ko jaririn da bai kai wata tara ba, murfin nan ba ya rufewa da kyau, kuma ba shi da ƙarfin tari. In aka ɗura masa kunu ko ruwa a baki, wani sashe yakan zarce huhu ba tare da kowa ya lura ba. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai zazzaɓi da haki su taso, ciwon huhu ya kama shi a kan ciwon da yake fama da shi.

Aikin robar shi ne ta tsallake wannan mararraba mai haɗari, ta kai abinci tumbi kai tsaye.

3. Taƙaitaccen tarihi

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A shekarar 1790 wani shahararren likitan tiyata a birnin Landan, John Hunter, ya ciyar da wani mutum da ya kasa haɗiya ta hanyar bututun da aka yi da fatar wani kifi mai kama da maciji. Ta ciki aka riƙa zuba masa ƙwai da madara da sukari.

A shekarar 1921 likitoci biyu suka fito da irin robar da aka sani yanzu: Dakta Abraham Levin a birnin New Orleans na Amurka, da Dakta John Ryle a Ingila. Har yau ana kiran robar da sunayensu a asibitoci. A farkon shekarun 1930 kuma Dakta Owen Wangensteen na Jami'ar Minnesota ya nuna cewa in aka riƙa zuƙe ruwa da iskar da suka taru a cikin mai toshewar hanji ta wannan roba, ana rage mace-mace sosai. Tun daga lokacin ta zama cikin kayan aikin yau da kullum na kowane asibiti a duniya.

4. Amfani na farko: ciyar da wanda ya kasa ci

Jiki ba ya yaƙar cuta da yunwa. Ƙarin ruwan da ake yi wa majiyyaci ta jijiya, yawancinsa ruwa ne da gishiri da ɗan sukari. Ba ya ɗauke da abincin da ke gina jiki. Muddin hanjin mutum yana aiki, ta hanji ya fi dacewa a ciyar da shi. Ga waɗanda aka fi ciyarwa ta roba:

(a) Bakwaini. Jariri ba ya iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi a lokaci ɗaya sai cikinsa ya kai kimanin mako 32 zuwa 34. Wanda aka haifa kafin wannan lokaci, in an sa shi a nono yakan gaji ko ya ƙware. Sai uwa ta tatso nononta a kofi mai tsabta, nas ta auna, a zuba masa ta roba kaɗan-kaɗan. Nonon uwarsa yake sha, hanya ce kawai ta sauya. A wasu lokuta ta baki ake zura wa jariri robar, domin jarirai da hanci suka fi yin numfashi.

(b) Yara masu tamowa mai tsanani. Yaron da tamowa ta yi wa mugun kamu yakan daina sha'awar abinci sam, ko bakinsa ya cika da gyambo. Irin wannan yaro yana iya mutuwa cikin 'yan sa'o'i in sukarin jininsa ya faɗi ko jikinsa ya yi sanyi. A asibiti ana fara masa da wata madara ta musamman mai suna F-75, wadda da farko ake bayarwa bayan kowane awa 2, dare da rana. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, ana fara ba shi ta baki. In ya kasa shan kashi 80 cikin 100 na abin da aka auna masa, sai a zuba masa ragowar ta roba. Da zarar ya soma shanyewa da kansa sai a cire ta, kuma sau da yawa hakan ba ya wuce 'yan kwanaki.

(c) Masu shanyewar ɓarin jiki. Da yawa daga cikinsu sukan kasa haɗiya a kwanakin farko. Alamar haka ita ce yawu yana dalala, ko tari duk lokacin da aka ba su ruwa, ko murya ta zama kamar ta mai kurkurar baki. Yawancinsu haɗiyar tana dawowa bayan 'yan makonni. Robar ce ke riƙe su har zuwa lokacin.

(d) Waɗanda suka yi doguwar suma, ko ta dalilin sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko buguwa a kai.

(e) Masu ciwon sarƙewar haƙora, wanda likitoci ke kira tetanos, domin muƙamuƙinsu yakan kulle, baki ya ƙi buɗuwa.

(f) Masu ciwon daji a baki ko maƙogwaro, da waɗanda aka yi wa aiki a waɗannan wurare, da waɗanda wuta ta ƙona ƙwarai, waɗanda jikinsu ke bukatar abinci fiye da abin da za su iya ci da baki.

5. Amfani na biyu: ba da ruwa da magani

Magunguna da yawa na sha ne, babu allurarsu a kusa, ko kuwa allurar ta fi tsada. Mai hawan jini da ya shanye yana bukatar ƙwayoyinsa kullum ko da ba ya iya haɗiya. Ta roba ake ba shi, bayan an narkar da su yadda ya kamata.

Haka kuma yaron da gudawa ko kwalara ta zuƙe wa ruwan jiki, wani lokaci jijiyoyinsa sukan lafe har a rasa inda za a sa masa ƙarin ruwa. A irin wannan hali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba shi ruwan gishiri da sukari ta roba, mililita 20 ga kowane kilo na nauyinsa a kowane awa, har tsawon awa 6. Wannan dabara tana da amfani ƙwarai a ƙananan asibitocin karkara, inda babban asibiti yake da nisa.

6. Amfani na uku: fitar da abin da ya taru a ciki

Robar tana aiki ta fuska biyu: ana zuba abu ta cikinta, ana kuma zuƙo abu. Ko mutum bai ci kome ba, jikinsa yana zuba yawu da ruwan tumbi da maɗaciya da sauran ruwaye masu narkar da abinci cikin hanji, kimanin lita 7 a kowace rana. Mai lafiya hanjinsa yana sake tsotse kusan dukansu. Amma in hanji ya toshe, ko ya murɗe, ko ƙaba ta maƙale, ko taifot ya huda hanji, sai ruwan nan da iska su rasa hanyar wucewa. Ciki ya kumbura kamar ganga, ya danne huhu, majiyyaci ya yi ta amai kore ko mai ɗoyi, kuma aman yana iya komawa huhunsa.

A nan sai a sa roba mai ɗan kauri, a haɗa ta da leda ko kwalba a gefen gado, ruwan ya riƙa fita. Majiyyaci yakan ji sauƙi nan da nan. Haka ake yi wa wasu bayan aikin ciki, domin hanji yakan yi kwanaki bai farka ba. Nas tana auna abin da ya fito ta rubuta, domin da wannan lissafi likita yake sanin yawan ruwan da za a mayar wa majiyyaci ta jijiya. Saboda haka kada mai jinya ya zubar da abin da ke cikin ledar kafin a auna. Launinsa ma labari ne: in ya fito da jini, ko baƙi kamar gasarar kofi, alama ce ta zubar jini a tumbi.

Wanda aka sa wa roba domin wannan dalili ba a ba shi kome, ko ta baki ko ta robar, sai likita ya ce.

7. Maganar guba

A da, wanda ya sha guba akan yi gaggawar wanke masa ciki da roba. Bincike ya nuna cewa wannan ba ya amfani a kowane hali, kuma yana da haɗari, don haka yanzu ba a yin sa sai nadiran, in an kawo mutum da wuri kuma likita ya ga ya dace. Wani lokaci akan ba da wani garin gawayi na asibiti ta roba, wanda ke kama gubar a hanji. Wannan ba gawayin murhu ba ne.

Akwai abubuwan da ba a wanke ciki a kansu sam: kananzir, da fetur, da ruwan batir, da sodar yin sabulu. Kananzir in ya dawo maƙogwaro yakan shiga huhu, soda da ruwan batir kuwa sukan sake ƙona hanyar da suka bi. Saboda haka in yaro ya sha ɗaya daga cikinsu, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar abin da ya sha.

8. Yadda ake sa ta

Sa robar aikin likita ne ko nas da aka horar. Ga matakan da ake bi:

Da farko ana yi wa majiyyaci ko waliyyinsa bayani, a nemi yardarsa. Sa'an nan a zaunar da shi. A auna tsawon da ake bukata daga tsinin hanci zuwa ƙasan kunne, daga nan zuwa ƙahon zuciya. Ga yara kuwa har tsakanin ƙahon zuciya da cibiya. Ga babban mutum wannan yakan kai santimita 50 zuwa 60. A shafa wa bakin robar abu mai santsi, a zura ta a hankali. In ta iso maƙogwaro sai a ce wa majiyyaci ya sunkuyar da kai kaɗan ya haɗiya. Aikin yakan ɗauki 'yan mintoci.

Babu amfanin a ɓoye gaskiya: shigar robar ba ta da daɗi. Ido yakan yi ƙwalla, mutum ya ji kamar zai yi amai, yaro ya yi kuka ya yi ta fizge-fizge. Amma da zarar ta zauna wahalar takan ragu, kuma bayan kwana ɗaya ko biyu yawancin mutane sukan saba.

Mataki mafi muhimmanci shi ne tabbatar da cewa tumbi ta shiga, ba huhu ba. Ana zuƙo ɗan ruwa da sirinji a ɗiga a kan wata takarda mai auna tsami, domin ruwan tumbi yana da tsami ƙwarai, na huhu kuwa ba shi da shi. In takardar ta nuna lamba 5.5 ko ƙasa da haka, an tabbata tana tumbi. In akwai shakka sai a ɗauki hoton ƙirji. Akwai wata tsohuwar dabara ta hura iska cikin robar a saurari ƙararta a ciki da abin sauraron likita. An gano cewa wannan tana yaudara, domin ana iya jin ƙarar ko da robar tana huhu, kuma tun shekarar 2005 hukumomin lafiya na Ingila suka hana dogara da ita. Ba a zuba kome a roba sai an tabbatar da mazauninta, kuma ana sake dubawa kafin kowace ciyarwa.

9. Waɗanda ba a sa wa ta hanci

Wanda ya yi haɗarin mota ko babur ya fashe a fuska ko ƙasan ƙoƙon kai, ba a zura masa roba ta hanci, domin tana iya bin karayar ta shiga inda bai kamata ba. Irin wannan ta baki ake sa masa. Haka kuma likita yakan yi taka-tsantsan da wanda ya sha soda, da wanda hanyar abincinsa ta tsuke, da mai ciwon hanta da ke aman jini, da wanda jininsa ba ya tsayawa da wuri. Wajibi ne dangi su gaya wa likita duk abin da suka sani na tarihin majiyyaci.

10. Illolin da ke iya faruwa

Babu aikin asibiti da ba shi da nasa haɗari. Robar tana iya jawo haɓo kaɗan, ko kaikayin maƙogwaro, ko gyambo a bakin hanci in filasta ya ja ta ya matse. Tana iya toshewa, tana iya zamewa daga mazauninta. In an zuba abinci da sauri ko da yawa, yana iya kawo amai ko gudawa. Wanda ya daɗe bai ci ba, in aka cika masa ciki farat ɗaya, gishirin jininsa yana iya rikicewa har ya taɓa zuciya. Shi ya sa ake farawa da kaɗan ana ƙarawa a hankali, kuma wannan ba rowa ba ce. Mafi munin haɗari shi ne a zuba abinci alhali robar tana huhu. Kusan dukan waɗannan ana iya kauce musu in ma'aikata da masu jinya suka kiyaye ƙa'ida.

11. Shin gaskiya ne roba tana kashe marar lafiya?

Masu faɗin haka suna da abin da suka gani. Sun ga an sa wa wani roba, bayan kwana biyu ya rasu. Amma a yi tunani: su wane ne ake sa wa robar? Waɗanda ciwo ya riga ya kayar ne, har suka kasa haɗiyar ruwa. Cikin irin waɗannan dole a sami masu rasuwa, da roba ko babu. Duk inda aka ga motar 'yan kwana-kwana akwai gobara, amma ba ita ta kunna wutar ba.

Abin da ba a cika ba da labarinsa ba shi ne ɗimbin waɗanda suka sha ta roba suka tashi. Yaron da ya warke ya koma wasa, babu wata alama a hancinsa da za ta nuna an taɓa sa masa. Wanda ya rasu kuwa, da robar a fuskarsa dangi suka yi masa ganin ƙarshe, shi ya sa ta zauna musu a rai.

Har ila yau, jinkiri yana ƙara wa wannan zato ƙarfi. In iyaye suka ƙi yarda yau, suka ƙi gobe, sai jibi da yaro ya galabaita suka amince, to, an sa ta a makare. In ya rasu sai a ɗora wa roba laifi, alhali kwana biyun da ya yi babu abinci su suka ƙarasa shi.

Robar ba magani ba ce, hanya ce. Ba ta warkar da sanƙarau ko tamowa da kanta, amma tana riƙe jiki har magani ya yi aikinsa. Akwai kuma halin da likita da kansa zai ce ba za ta ƙara kome ba, kamar tsohon da ruɗewar tsufa ta kai shi matuƙa. A irin wannan sai a zauna da dangi a yi shawara. Haƙƙin kowane majiyyaci ne da danginsa a yi musu bayani cikin harshen da suke ji. Matambayi ba ya ɓata.

12. Abin da ya wajaba a kan mai jinya

(1) Kada ka zuba kome a cikin robar sai da izinin nas: ko kunu, ko fura, ko shayi, ko jiƙo, ko rubutu. In kana da abin da kake so a ba majiyyaci, ka nuna wa nas tukuna.

(2) Kada ka ba shi kome ta baki a ɓoye in an hana, ko da ya roƙe ka. In bakinsa ya bushe, ka jiƙa auduga ko ƙyalle mai tsabta ka goge masa leɓe da haƙora. Tsabtace baki sau biyu a rana yana rage haɗarin ciwon huhu.

(3) Kada ka zare robar, kada kuma ka tura ta ciki in ta fito. Ka kira nas.

(4) Ka lura da lambar da ke daidai bakin hanci. In ta sauya, ko filasta ya saki, ko ka ga robar ta naɗe a cikin baki, a dakatar da ciyarwa.

(5) A ɗaga kan majiyyaci da kafaɗunsa lokacin ciyarwa, ya zama kamar a kishingiɗe, a bar shi haka na rabin awa zuwa awa ɗaya bayan an gama. Yaro kuwa a riƙe shi a zaune a cinya.

(6) Ka kula da hannun yaro ko wanda hankalinsa ya gushe, kada ya fizge ta.

(7) Ka kira nas da gaggawa in majiyyaci ya fara tari ko haki lokacin ciyarwa, ko leɓensa ya sauya launi, ko ya yi amai, ko cikinsa ya kumbura.

13. In an sallami majiyyaci da robar

Wasu, musamman masu shanyewar ɓarin jiki, akan sallame su da robar a hanci. Kada a bar asibiti sai an koya wa mutum biyu daga cikin iyali yadda ake ciyarwa, sun kuma gwada a gaban nas. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa robar. A yi abincin da aka tsara, a niƙa shi ya yi laushi, a tace, a bar shi ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi. Kada a yi amfani da wanda ya kwana. A bar shi ya gangara da kansa ta sirinji, kada a danna da ƙarfi. A ɗauraye robar da tafasasshen ruwan da ya huce kafin abinci da bayansa, da bayan kowane magani. Kada a daka ƙwayar magani sai an tambayi likita ko mai harhaɗa magunguna, domin akwai ƙwayoyin da aka yi su su narke a hankali cikin yini, in an daka su sai ƙarfinsu ya fita gaba ɗaya.

Robar tana da wa'adi. Mai ɗan tauri akan sauya ta bayan kimanin mako ɗaya zuwa kwana 10. Mai laushi ta musamman tana iya kai mako 4 zuwa 6. In ana ganin bukatar za ta wuce haka, likita yana iya ba da shawarar a sa wani gajeren bututu ta fatar ciki kai tsaye zuwa tumbi, dabarar da ta yaɗu tun daga shekarar 1980.

14. Cire ta

Ana cire robar in dalilin sa ta ya gushe: jariri ya kama nono, yaro ya shanye madararsa, mai shanyewar jiki ya haɗiyi ruwa ba tari, ko hanjin wanda aka yi wa aiki ya motsa. Cirewar ba ta kai minti ɗaya ba, kuma ba ta barin tabo. Ba ta mantar da mutum cin abinci, ba ta kuma lalata hanci ko murya.

Kammalawa

Ya kai mai karatu, wata rana kana iya tsayawa a gefen gadon ɗanka, ko mahaifiyarka, ko matarka, likita ya ce yana so a sa roba. Ka tambaye shi dalili, ka tambaye shi kwana nawa yake zato, ka tambaye shi abin da ake so ka yi. In ya ba ka amsa, ka yarda da wuri, domin kowane awa da marar lafiya ya yi babu abinci ƙarfinsa ne yake raguwa. Ka kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan bayani, musamman iyaye mata da kakanni, waɗanda su ne suka fi zaman jinya.

Tambayoyi domin bita

1. Mene ne bambanci tsakanin robar abinci da robar iska?
2. Me ya sa yake da haɗari a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki?
3. Kawo manyan ayyuka uku da robar hanci take yi.
4. Ta yaya ake tabbatar da cewa robar tana cikin tumbi?
5. Me za ka yi in yaro ya sha kananzir?
6. Wace amsa za ka ba maƙwabcinka in ya ce roba ce ke kashe marasa lafiya?